Masu Jiran Lis a Ƙasar Narambaɗa

Tsakanin ranar da hukumar JAMB ke sakin sakamakon jarrabawar shiga jami'a da ranar da jami'o'i ke fara fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, akwai wani lokaci da kalanda ba ta san da zamansa ba, amma duk gidan da ke da ɗan da ya gama sakandare a Isa da Sabon Birni ya san shi. Lokacin jiran lis ke nan. Ana rubuta jarrabawa da bazara, ruwa ya sauka, a yi shuka, a yi noman fari, a yi maimai, gero ya fid da kai, a yanke shi, wani har ya shiga rumbu, yaro na nan yana latsa waya. Jiran ya yi kama da na motar Sakkwato a tasha, inda tun hantsi ɗan kamasho ke rantsuwa cewa saura mutum ɗaya.

A 'yan shekarun nan wani sabon rukuni ya shigo sahun masu jira. Harkar waƙa suke son karantawa, musamman ɓangarenta na kuɗi: yadda ake ƙulla yarjejeniya tsakanin mawaƙi da mai situdiyo, yadda ake kare haƙƙin mallaka, yadda ake ɗora waƙa a Audiomack ko Boomplay ko Spotify, wadda ta shigo Nijeriya a 2021, da yadda ake raba abin da ya shigo ba tare da an kai ga ofishin 'yan sanda ba. A Amurka wannan digiri ne mai zaman kansa, ana yin sa a kwalejin Berklee da ke Boston da Jami'ar New York. A nan kuwa yaro faci yake yi. Ko ya nemi sashen kiɗa a Kudu, irin na Nsukka da aka buɗe tun 1961, ko na Ile-Ife, ko na Fatakwal. Ko ya nemi sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello. Ko ya cike karatun kasuwanci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya bar waƙar a zuci. Duk wanda ya cike fom, zama ya kama shi. Zaman kuwa shi ke fito da halin kowa fili. Ga waɗanda za ka tarar.

Mai Leƙe

Tun 2017 JAMB ta kafa wani shafi mai suna CAPS, ta ce duk admishan sai ya bi ta cikinsa. Jami'a ta miƙa suna, JAMB ta amince, ɗalibi ya danna ya karɓa ko ya ƙi. An yi shafin ne domin a duba shi jefi-jefi. Mai Leƙe ya mai da shi wurin zama.

Yana dubawa bayan asuba, kafin koko, bayan koko, da duk lokacin da ya ji an yi guɗa a maƙwabta. Ya san duk inda sabis ke sauka a garin: kusurwar katangar firamare, bayan tankin ruwa, da wani reshen darbejiya guda da ba ya gaya wa kowa. Layi biyu gare shi, ɗaya na gida, ɗaya na Nijar. Wannan dabara gado ce daga yayyensa, waɗanda a watan Satumbar 2021, da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, suka koyi farautar sabis daga tsallaken iyaka.

Kullum uwarsa ta tambaya, “Mi anka ce?” Kullum amsar guda ce: “Inna, shina bisa hanya.” Ran da shafin ya ƙi buɗewa, sai ya ce alama ce, ana ɗora sunaye. Ran da ya buɗe da sauri, ita ma alama ce. Yana duba wa 'yan unguwa kyauta, amma idan na wani ya fito, barkar da zai yi masa ba ta wuce maƙogwaro.

Manaja Tun Ba a Shiga Aji Ba

Wannan bai ga dalilin jiran jami'a kafin ya fara cin sarauta ba. Ya riga ya raɗa wa kamfaninsa suna mai kalmomin Turanci uku, ya sa an zana masa tambari da kan zaki da makirfo. Baƙin tabarau ba ya barin fuskarsa ko da magariba. Mawaƙi ɗaya kamfanin ke da shi, ƙanensa ne, kuma su biyun ba sa ga maciji tun da aka yi musun wa zai riƙe naira dubu biyun da wani kawu ya liƙa a wurin suna.

Sai dai kada ka raina shi, ya yi bincike. Shi zai gaya maka cewa YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara guda. Abin da ba zai faɗa ba shi ne nasa mabiyan ba za su cika bas ɗaya ba, kuma rabinsu shi ne da wayoyin 'yan gidansu. Ya taɓa aika wa Berklee wasiƙa ta imel, na'ura ta maido masa da godiya. Ya buga takardar, ya sa an liƙe ta da leda, yana nuna wa mutane cewa Amurkawa sun san da shi. Da aka lissafa masa kuɗin makarantar na shekara guda da naira, sai ya ce dama shi yana da kishin ƙasa.

Idan ka tambaye shi makin da ya ci cikin 400, zai ce maka a wannan harka basira ake dubawa.

Mai Rabin Gaskiya

Ubansa dattijo ne mai mutunci, sahun farko a masallaci, mai rediyo a gefen tabarma. Idan Rima Rediyo ta sako waƙar Narambaɗa, ba mai tari a zauren. Yakan gyaɗa kai, ya fassara wa baƙi zambon da ke ciki, ya faɗi wanda aka yi wa da dalili. Amma a ce ɗansa na cikinsa zai shiga harkar makaɗa? “Roƙo? Gidanga? Ba da raina ba.”

Saboda haka da ya tambayi yaron me ya cike, sai yaron ya sunkuyar da kai ya ce, “Kasuwanci na, Baba.” Tsoho ya sa albarka, har ya fara lissafin buɗe masa shago a kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis. Tun daga ranar yaron bai sake barci mai nauyi ba. A duk masu jira, shi kaɗai ke tsoron abu biyu: kada sunansa ya ƙi fitowa, kada kuma ya fito a buga takardar wani ɗan boko ya karanta wa tsoho. Ya riga ya je ya kama ƙafa wurin gwaggonsa, domin ita kaɗai ke iya faɗa wa ƙanenta magana ya haɗiye. Gwaggo ta ce, “Bari ta hito tukuna, ɗana. Ba a shan magani tun ciwo bai zo ba.” Ta kuma karɓi goron ajiye sirri.

Abin da ke damun yaron ba ƙaramin abu ba ne. Mu mutane ne masu son waƙa da ƙin mawaƙi. Muna zuba masa kuɗi a fili, mu hana shi 'yarmu a zaure.

Ɗan Gado

Shi kuwa babu wanda zai ɓoye wa. Kakansa ya yi amshi, ubansa ya riƙe kotso, shi ma tun yana ɗan shekara bakwai yake bin su gidajen sarauta. Abin da Manaja ke karantowa a waya, shi a gida ya tarar da shi. Ya san cewa a da makaɗin fada yana da ubangida guda, kamar yadda Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya tsaya ga Sarkin Gobir na Isa Amadu. Ya san lada ba kuɗi kaɗai ba ne, akwai doki da riga da rawani da damman hatsi. Ya san yadda ake kasafi bayan an tashi daga wasa, kason maigida daban, na 'yan amshi daban, na makaɗa, na sanƙira mai kwarzanta baƙi, har da ɗan abin da ake miƙa wa yaron da ya ɗauko kaya. Ba takarda, ba sa hannu, amma kowa ya san haƙƙinsa, wanda ya ci na wani kuma gari zai ji a waƙa ta gaba.

Matsalarsa guda ce, lissafi. Jami'a na son kiredit biyar har da Turanci, karatun kasuwanci kuma ba ya yiwuwa sai da lissafi, shi kuwa ya gwada WAEC, ya gwada NECO, ya koma ta 'yan waje, lissafi ya ce bai san shi ba. Mutumin da zai raba kuɗin biki tsakanin mutum tara a tsaye, ba alƙalami, ba wanda ya yi ƙorafi, shi ne aka ce ya kasa nemo wani harafi da ya ɓata a cikin baka biyu.

Hujjarsa kullum ita ce Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa na dakta a 1988 bai taɓa zama ɗakin JAMB ba. Idan ka ce masa ai Shata sai da ya shafe shekaru yana waƙa kafin nan, sai ya ce shi ma ai bai ce gobe ba.

Na-San-Wani

Wannan ba ya duba CAPS. Dubawa aikin marasa gata ne. Shi yana da mutum a Sakkwato. Idan ka bi salsalar, mutumin abokin mijin ƙanwar direban wani ɗan majalisa ne, kuma sau ɗaya suka taɓa gaisawa, a wurin ta'aziyya. A aljihunsa akwai ɗan kati da aka rubuta “a taimaka masa” a bayansa, ya sha ninki har rubutun ya fara tafiya.

Ya haddace rabon gurabe a jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin ɗari na cancanta, 35 na 'yan yankin da jami'a take, 20 na jihohin da aka bari baya a karatun boko, waɗanda Sakkwato ke cikinsu. Da ya haɗa 35 da 20 ya ga 55, sai ya yanke hukuncin cewa ya fi rabin shiga. Bai lura ba cewa ko a cikin kason naka, da 'yan'uwanka masu maki kake takara.

Shi ne abincin 'yan damfara. Wata rana waya za ta shigo, murya mai sanyi ta kira cikakken sunansa, ta ce daga ofishin Abuja ne, sunansa na kan tebur, saura ɗan abin da za a sa a tura fayil. Zai sayar da tunkiyar uwarsa ya tura. Washegari lambar ta daina shiga. Ba zai gaya wa kowa ba, sai dai ka ga ya dawo gindin darbejiya yana tambayar Mai Leƙe, murya ƙasa-ƙasa, yadda ake buɗe shafin.

Wanda Mai Kwamfuta Ya Zaɓa Wa

Da yawan yaranmu sai sun yi tafiya kafin su yi rajista, kuma duk wanda ya san hanyar Goronyo ko ta dajin Gundumi a shekarun nan ya san ba tafiyar da ake so a maimaita ba ce. Uwa ba ta cin abinci sai ta ji an sauka lafiya. Saboda haka yaro na isa, burinsa a gama a yau. Tun 2021 sai da lambar NIN ake rajista, a tura ta ga 55019 a karɓi lambar shiga. Wayarsa ba caji, sai wani mai taimako a bakin layi ya ce kawo a yi da nawa layin. Daga nan duk saƙon da JAMB za ta aiko, aljihun wani yake faɗawa.

Da aka zo zaɓen kwas, mai kwamfuta ya tambaya ba tare da ya ɗago kai ba. Yaro ya ce harkar waƙa. Mai kwamfuta ya ce babu. Yaro ya ce to mai kama da ita. Aka danna wani abu, aka ce na gaba ya matso. Sai da ya dawo gida wani malami ya duba silif ɗin, ya gaya masa sashen wasan kwaikwayo na son adabin Turanci, karatun kasuwanci na son lissafi da tattalin arziki, shi kuwa darussan da aka haɗa masa ba su kai shi ko ɗaya.

Irinsa ne a ƙarshe ake ba Hausa. Zai yi kwana biyu ba ya cin tuwo, yana cewa shi da aka haifa cikin Hausa me za a koya masa. Sai ya shiga aji ya tarar a nan ne ake feɗe Bakandamiyar Narambaɗa ɗango-ɗango, ana karanta littattafan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau irin su Makaɗa da Mawaƙan Hausa. Kuskuren mai kwamfuta ya kai shi kusa da waƙa fiye da duk abokansa. Idan ya dawo hutu, zai ce dama shi ya zaɓa.

Mai Zuwa Gidan Taubasai

Wannan Bagobiri ne na asali, da zanensa shida da bakwai a kumatu, ko aƙalla a kumatun kakansa. Ya duba ya ga sassan kiɗa sun fi yawa a Kudu, sai ya cike Ile-Ife kai tsaye. Da aka ce masa nisa, ya ce don me Bagobiri zai ji tsoron ƙasar taubasansa Yarbawa, ai gidan bayinsa za shi. Ya riga ya tanadi barkwancin da zai yi wa shugaban sashe ranar farko. Bai yi tunanin cewa shi ma shugaban yana da nasa tanadin ba, kuma a hannunsa maki yake.

Abin da ya fara rage masa murya shi ne labarin cewa sassan kiɗa sukan gwada mutum kafin su ɗauke shi: a ɗora maka takarda mai layi biyar da ɗige-ɗige, a ce rera, ko a zaunar da kai gaban fiyano. Shi kuwa fiyanon da ya sani na cikin waya ne. Yanzu kullum yana bayan gida yana maimaita do-re-mi, har maƙwabta sun fara yi wa uwarsa jaje a kaikaice.

Yana da shiri na biyu. Idan Kudu ta ƙi, zai tsallaka Maraɗi ya hau mota zuwa Yamai, inda akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya. Danginsa na Tsibiri za su karɓe shi, wannan ba shakka. Faransancinsa ne dai bai wuce gaisuwa da tambayar canjin sefa ba.

Wadda Lefe Ke Tsere da Lis Ɗinta

Ita ba ka ganinta gindin darbejiya, ba ta da tambari, ba ta da baƙin tabarau. Ta fi su duka maki. Ita kaɗai ta koma ta tabbatar an ɗora sakamakonta na sakandare a shafin JAMB, abin da rashinsa ke hana suna fitowa ko da maki ya kai. Tun tana aji huɗu take riƙe wa innarta littafi, innar kuwa ita ce uwar zabiyoyin unguwa masu kiɗan ƙwarya a biki. Ta san gidan da ya ba da kafin alƙalami, da wanda ya ce sai an sayar da wake, da wanda ke biya da atamfa. A duk masu mafarkin zama manaja, ita ce ke aikin manaja, ba wanda ya taɓa kiranta da sunan.

Nata jiran ya fi na kowa tsada. Kowane mako da lis ya ƙara, wani kawu zai zo ya zauna a zaure ya ce, “Yaya, ɗiyar ga ta isa ɗaki. Bokon ga ba ya da ranar ƙarewa.” Akwai mai shagon taki da ya riga ya aiko da goro sau biyu. Uwar ce ke ja da dabara: bari a ga bayan Salla, bari a ga bayan kaka. Idan sunan ya fito kafin akwatuna su shigo, sauran yaƙin shi ne a yarda ta tafi. Idan akwatuna suka riga, ango zai yi alƙawari gaban waliyyai cewa za ta ci gaba da karatu. Kowa a wurin ya san yawan irin wannan alƙawari da aka cika.

Dattijon JAMB

Ya fara rubutawa tun ana yi da fensir, kafin a koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Waɗanda suka fara tare sun yi bautar ƙasa, wasu 'ya'yansu na firamare. Shi kowace shekara yana sayen fom, kuma kowace shekara akwai dalili: linzamin kwamfuta ya ƙi motsi, an ba shi kujera kusa da taga, an sauya littafin da ake karantawa.

Amma kundin tarihi ne mai tafiya da ƙafa. Zai gaya maka mafi ƙarancin makin shiga jami'a ya sauka zuwa 120 a 2017, ya zauna a 140 a 2024, ya hau 150 a 2025. Ya san cewa wannan ƙasan ne kawai, kowace jami'a na iya ɗaga nata. Ya san ranar da shugaban JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya zub da hawaye gaban 'yan jarida a watan Mayun 2025, bayan tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan dubu 380 a Legas da Kudu maso Gabas. Ranar Dattijo ya yi yawo gari yana cewa, “Kun gani? Abin da nika hwaɗi shekara da shekaru.” Ba wanda ya iya tuna masa cewa Sakkwato ba ta cikin wuraren da abin ya shafa.

Bana ya ce harkar waƙa zai nema, tunda a can ne kuɗi suka koma. Shawararsa ga yara kyauta ce, kuma mafi yawanta daidai ce. Duk wanda ya bi ta ya samu, ban da shi.

Mai Turi

Na ƙarshe bai cike fom ba, bai da niyya. Yana da rumfa a bakin kasuwa, da janareta, da allon soket mai baki hamsin, da tsohuwar kwamfuta cike da waƙoƙi. Duk waɗanda muka lissafa a wurinsa suke cajin waya. Ka ba shi ɗan canji, ya cika maka memori da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker da Aminu Ala, ya ƙara maka Ɗanƙwairo da Ɗan'anace gyara. Ya san waƙar da za ta tashi tun mako biyu kafin 'yan birni su farga, domin yana ganin abin da 'yan acaba da amare ke tambaya. A garin nan shi ne kamfanin rarrabawa, shi ne gidan rediyo, shi ne mai fitar da jerin gwanaye.

Ko sisin kwabo daga cinikinsa ba ya isa hannun mawaƙi. Ka ce masa akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, wadda ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, sai ya yi dariya ya ce shi talla yake yi musu kyauta, da ba don shi ba wa zai san su a Gatawa da Bafarawa har a kira su biki. Abin haushin shi ne akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Yadda za a yi mai turi ya ci, mawaƙi ya ci, shi ne ainihin darasin da yaran ke son zuwa jami'a su koyo, ga shi kuma a gabansu kullum suna zaune kan bencinsa.

Ranar da Lis Ya Fito

Yakan fito ne a ranar da ba a zata ba, galibi ranar da Mai Leƙe ba shi da data. Manaja zai ce dama yana tunanin hutun shekara guda don ya gina kamfani. Mai Rabin Gaskiya zai ruga gidan gwaggo. Na-San-Wani zai ce nasa na cikin lis na biyu, na manya. Ɗan Gado zai saɓa kotso ya tafi taya wanda ya samu murna, ya dawo da kuɗin fom ɗin baɗi. Dattijo zai buɗe sabon shafi a littafinsa. Mai Turi zai sayar da caji fiye da kullum.

Dariyar ta ƙare a nan, saura magana biyu. Ta farko ga masu jira: ku yi rajista da layinku na kanku, ku adana shi, ku tabbatar an ɗora sakamakon sakandare, ku duba darussan da kwas ke so kafin a danna, idan an ba ku gurbi ku karɓa a CAPS da hannunku, kada ku tura wa kowace murya kuɗi. Watannin jira kuma ba na zaman benci ba ne kawai. Mai son kasuwancin waƙa ya bi wani makaɗi biki uku yana riƙe masa lissafi, zai shiga aji da abin da ba ya cikin littafi.

Ta biyu ga jami'o'inmu na Sakkwato, ta Ɗanfodiyo da ta jiha. Waƙa sana'a ce da ke ciyar da situdiyo da masu kiɗa da masu ɗaukar hoto da masu rumfa a duk faɗin Arewa da Nijar. Kuna da malaman Hausa da suka san waƙar, kuna da malaman kasuwanci da na shari'a da suka san kuɗi da doka. Ku haɗa su a ɗaki guda, ko da kwas ɗin difloma ne, yaron Isa da yarinyar Sabon Birni su daina faci. Kai kuma mai karatu, idan ka duba jerin nan ka ga maƙwabcinka a ko'ina amma ba ka ga kanka ba, ka ba maƙwabcin ya karanta, zai nuna maka inda kake.